Siminti na da farashi, gumin magini fa?

Yau ina son mu tsaya a gaban wani abu da muke wucewa kullum ba mu duba shi da kyau: allon da ake kafawa a bakin shantiye. Duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin jami'o'inmu ya san shi. An rubuta sunan aikin, da wanda ya ba da kuɗi, da kamfanin da ya samu kwangila, da biron da ke sa ido, da watannin da za a ɗauka. Wani lokaci har da adadin miliyoyin. Abu guda ne ban taɓa gani a allon nan ba, wato nawa za a biya mutumin da zai ɗauki kwaɓin siminti a ka ya hau da shi bene na biyu.

Ina shekara ta biyu a jami'a aka fara ginin wani sabon amfi. Cikin masu aikin akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata, maso ne da ya fi shekara 20 yana riƙe da cokalin gini. Sati biyar suka yi suna aiki, daga ƙarfe bakwai na safe har bayan la'asar. Wanda ya ɗauke su ba kamfanin da sunansa ke kan allo ba ne. Kamfanin ya yanki wani ɓangare na aikin ya ba wani ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya sake ba wani, na ukun nan ne ya zo da mota ya kwashi mutane a bakin hanya, inda masu neman aikin wuni ke zama tun asuba. Sati uku na farko an biya su kowace Asabar. Sati na huɗu aka ce kuɗi ba su fito ba. A na biyar wayar mutumin ta daina shiga. Suka je wurin shef ɗin shantiye, ya ce kamfani ya riga ya sallami mutuminsu, ga ma takarda. Suka je biron jami'a, aka gaya musu cikin mutunci cewa su ba ma'aikatan jami'a ba ne.

Na ce, "Kawu, mu kai ƙara wurin sufeton aiki mana." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, da wace takarda? Ko sunana ba a rubuta ba. Bari kawai, Allah na nan." Yaran da ke masa lebura, waɗanda ake ba jikka da rabi a wuni, biyu daga cikinsu ba su ƙara sati a garin ba suka kama hanyar Agadas. Ni kuwa shekara biyu na yi ina zama a amfin nan ƙarƙashin fanka, ina kwafar darasi.

Tun lokacin nake riƙe da ra'ayi guda, shi ne kuma nake son in kare yau. Duk ginin da za a yi a jami'ar gwamnati da kuɗin ƙasa, ya kamata a rubuta ladan ma'aikata cikin takardar kwangila tun kafin a buɗe takara, kuma ladan nan kar ya gaza abin da mafi yawan masu wannan sana'a ke samu a garin da ake aikin. Bari in kira shi ladan gari.

Mi ya sa sai an rubuta? Mu duba yadda kwangilar gwamnati ke tafiya. Ana fitar da sanarwa, kamfanoni su kawo farashi, galibi a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi araha. Takardar sharuɗɗan ba ta wasa da kayan aiki. Tana faɗin kaurin ƙarfen da za a sa a kowane ginshiƙi, tana faɗin cewa kwaɓin da zai ɗauki nauyi sai an zuba masa kilo 350 na siminti a kowace mita mai ɗaki, wato buhu bakwai. Ana ɗibar samfur a kai ɗakin gwaji a matse shi a ga ƙarfinsa. Kamfanonin da ke takara duk kasuwa ɗaya suke sayen siminti da ƙarfe, gazuwal ɗin motocinsu farashinsa ɗaya. To, ta ina wani zai fi wani araha? Wuri guda ya rage da babu mai aunawa, shi ne kuɗin mutane. Wanda ya fi iya matse lebura shi ne zai fi sauƙin farashi, shi ne zai ci takara. Ɗan kwangilar da ke biyan mutanensa da kyau, ya yi musu rajista a asusun CNSS, ya saya musu hular kwano da takalmi, farashinsa zai hau, ya faɗi. Gwamnati ba ta ce a zalunci kowa ba, amma tsarin da ta kafa yana saka wa mai matsewa da kwangila.

Wani zai ce ai akwai albashi mafi ƙanƙanta. Akwai. Tun 2012 yana kan sefa 30,047 a wata, aka ɗaga shi zuwa jikka 42 daga watan Janairun 2024. In ka raba jikka 42 a kan awa 40 na sati da doka ta tanada, wunin awa takwas yana kamawa wajen sefa 1,940. Yaron da ya yi awa tara ko goma a jikka da rabi, ko wannan bai kai ba. Amma ko da an biya shi cif, wannan ma'auni na wanda bai iya komai ba ne. Maso mai shekara 20 a sana'a, da mai ɗaure ƙarfe, da kafintan da ke haɗa akwatin zuba siminti, da mai jan wayar lantarki, kowanensu yana da farashin da gari ya san shi da shi. In gwamnati, wadda ita ce babbar mai ba da aikin gini a ƙasa, ta yarda a biya su ƙasa da haka, farashin garin gaba ɗaya ne zai sauka, don mai gina gida a unguwa zai ce ai ko a jami'a haka ake biya.

Wannan matsala ba mu muka fara haɗuwa da ita ba, kuma wurin da aka fi yin gardama a kanta shi ne Amurka, ƙasar da ake ce mana kasuwa ce sarki. Jahar Kansas ta yi doka a kan ladan masu aikin gwamnati tun 1891. A 1927 wani ɗan majalisar tarayya daga jahar Niyok, Robert Bacon, ya ga wani kamfani daga Alabama ya ci kwangilar ginin asibitin tsoffin sojoji a mazaɓarsa, ya kwaso ma'aikata daga kudu yana biyansu ƙasa da farashin wurin. Ya shiga gabatar da ƙudurin doka shekara bayan shekara, har ya samu goyon bayan sanata James Davis na Fensilbaniya, tsohon ministan ƙwadago. A watan Maris na 1931, ana tsakiyar babban karayar tattalin arziki, shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a kan dokar da ake kira Davis-Bacon. Har yau tana aiki. Duk kwangilar ginin gwamnatin tarayya da ta wuce dalar Amurka 2,000, ma'aikatar ƙwadago ce ke fitar da jadawalin lada na kowace sana'a a kowane yanki, a saka shi cikin takardun takara, a manna shi a shantiye inda kowa zai gani. Da aka lura wasu 'yan kwangila na biyan ladan a takarda sannan su tilasta wa ma'aikaci ya mayar musu da wani abu ta bayan fage, aka ƙara wata doka a 1934 da ta mai da wannan laifi, ta kuma wajabta kawo takardar biyan ma'aikata kowane sati. Wanda ya karya, ana riƙe kuɗinsa a biya ma'aikatan da shi, ana iya hana shi kwangilar gwamnati har shekara uku.

Jami'o'in gwamnati a Amurka na jahohi ne, don haka dokar kowace jaha ce ta fi shafarsu, kuma kimanin rabin jahohin 50 ne ke da irin wannan doka. A nan ne aka yi wata shari'a da nake son ku riƙe. Jami'ar Yammacin Mishigan, da ke garin Kalamazu, ta tashi gyaran wurin wasanni da motsa jiki na ɗalibai. Jahar Mishigan na da dokar ladan gari tun 1965, amma jami'ar ta ce ba ta hau kanta ba, don majalisar jaha ba ta ware wa aikin kuɗi ba, daga asusun jami'a ne da kuɗin da ɗalibai ke biya. Magana ta kai kotun ƙolin jahar. A 1997 kotun ta yanke cewa jami'ar gwamnati ɓangare ce ta jaha, kuɗin da ke hannunta kuɗin jama'a ne, saboda haka sai ta bi dokar. A Kalifoniya kuwa abin ya sha bamban. Kundin tsarin mulkin jahar ya ba jami'arta 'yancin tafiyar da kanta, kuma a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gina gidajen ɗalibai da malamai harkar cikin gida ce ta jami'a, ba dole ta biya ladan gari ba.

Ni ina bayan alƙalan Mishigan. 'Yancin jami'a abu ne da mu a nan muka san darajarsa, malamai da ɗalibai sun sha yajin aiki a kansa. An yi shi ne don kar wani minista ya zaɓar wa malami abin da zai koyar, kar ɗan sanda ya shiga amfi ya kama ɗalibi saboda ra'ayinsa. Ban ga ta inda wannan 'yanci ya zama izinin biyan mai ɗaure ƙarfe ƙasa da haƙƙinsa ba. Kuɗin da ke shiga jami'a, ko daga baitulmali ne, ko bashi ne da jikokinmu za su biya, ko kuɗin rajistar ɗalibai ne, duk daga aljihun 'yan ƙasa suka fito, har da aljihun leburan da ke biyan haraji a kowane kati na waya da ya saya.

Kar ku ɗauka a can ma an gama magana. Tsakanin 2015 da 2018 jahohin Indiyana, Bajiniya ta Yamma, Kentaki, Akansas da Wiskonsin suka soke dokokinsu, Mishigan ɗin ma ta soke tata a 2018. Sai a 2023, da rinjaye ya sauya a majalisa, aka dawo da ita. Doka ce da ake ja kamar igiya, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ya dace mu ji hujjar masu adawa kafin mu nemi a kawo mana irinta.

Amma tukuna, kar wani ya ce wannan kayan Amurkawa ne kawai. Majalisar Ingila ta zartar da irin wannan ƙa'ida a 1891, ta yi aiki har gwamnatin Thatcher ta kawar da ita a 1983. Faransa, wadda muka gaji yawancin tsarin kwangilarmu daga wurinta, ta fitar da dokokin da ake kira na Millerand a 1899, da suka ce wanda ya samu aikin gwamnati ya biya ladan da aka saba biya a garin ko yankin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta tattara wannan duka cikin yarjejeniya mai lamba 94 a 1949: a sa sharaɗin lada cikin kwangilar gwamnati, ya hau kan ƙananan 'yan kwangila ma, a manna sanarwa a wurin aiki, a riƙe kuɗin wanda ya ƙi biya. Ashe mun ɗauko takarar mafi araha, muka bar birkin da masu ita suka sa mata.

Hujja ta farko ta masu adawa ita ce tsada. Za su ce muna da jami'o'in gwamnati takwas, ɗaya a kowace jaha. Ta Yamai ce tsohuwa, Maraɗi da Damagaram da Tawa sun samu nasu a 2010, Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014. Dukansu na kukan ƙarancin amfi da ɗakunan kwana, ɗalibai na cunkushe, wasu na tsaye a taga suna sauraron darasi. In aka ƙara kuɗin ma'aikata, da kuɗin amfi biyar sai a gina huɗu. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. A Amurka ma masana sun daɗe suna saɓani a kanta, wasu na cewa dokar na ƙara tsada, wasu na cewa bambancin kaɗan ne don ƙwararre ya fi sauri kuma ba a sake aikinsa. Abin da na sani a nan gida shi ne, ginin zamani kayansa ne ke cinye kuɗi: siminti, ƙarfe, kwano, gilashi, wayoyi, mafi yawansu daga waje, an biya musu kuɗin mota da na duwan. Ladan lebura ƙaramin kaso ne. Kuma abin da nake nema bai wuce a biya farashin da gari ya riga ya sani ba. In har kwangila ba ta yiwuwa sai an biya ƙasa da haka, to ragin da gwamnati ta samu daga tukunyar matar lebura aka ɗebo shi. Sannan mu duba gine-ginen da muka sani, waɗanda damina biyu ta isa ta tsaga bangonsu, rufi na yoyo a kan tebur. Maso ƙwararre ba ya tsayawa inda ake wasa da kuɗinsa, yana tafiya gidan ɗan kasuwa ko ya ƙetare iyaka, a bar aikin jami'a a hannun wanda jiya ya fara riƙe cokali. Araha ba ta ado.

Hujja ta biyu ta fi zafi, kuma tana cikin tarihin dokar kanta. Cikin ma'aikatan da kamfanin Alabama ya kawo Niyok akwai baƙaƙen fata, kuma a muhawarar majalisa wasu 'yan majalisa sun fito fili sun yi ƙorafi a kan baƙar fata masu aiki da araha. Har yau masu adawa na cewa an yi dokar ne don a kare ƙungiyoyin ƙwadagon turawa, a rufe wa talakan kudu ƙofa. Mu 'yan Nijar ba za mu yi wasa da wannan ba, don mu ne 'yan ci-rani a shantiyoyin Abija, Legas, Akara, Tamanraset da Tirifoli, mun san yadda ake cewa baƙo ya zo ya karya farashi. Darasin da na ɗauka shi ne, ladan ya bi aiki, kar ya bi asalin mutum. Wanda ya zo daga ƙauye bayan girbi, da ɗan Togo ko ɗan Benin mai sa karo, da ɗan cikin gari, in aiki ɗaya suke yi lada ɗaya za su karɓa. Ba a hana kowa zuwa. Abin da aka hana shi ne wani ya yi arziki da yunwar baƙo.

Hujja ta uku daga 'yan kwangila take, kuma suna da gaskiya a cikinta. Za su ce kuna son mu biya kowace Asabar, alhali gwamnati na riƙe mana kuɗi wata da watanni, banki na ƙirga mana ruwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar da za ta ɗaure ɗan kwangila ta bar baitulmali sake ba za ta yi aiki ba, ƙananan kamfanonin gida za ta kashe, manyan na waje su kwashe komai. Don haka sharaɗin ya zama hannu biyu. Kason ma'aikata na kowane zango a fitar da shi a kan lokaci kafin komai, in gwamnati ta makara ita za ta ɗauki tarar.

Hujja ta huɗu: wa ya san ladan gari, a ƙasar da yawancin aiki ba takarda? Wannan ita ce ta fi ba ni dariya. Muna da tsarin SIMA da ke bin kasuwanni yana kawo farashin hatsi, mun san kuɗin tiyar gero a Maraɗi da na Damagaram kowane sati. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, na fitar da ma'aunin farashin kaya kowane wata. A watan Oktoban 2024 hukumomi suka rage kuɗin siminti, suka tsayar da farashin tan a kowace jaha, mutane suka yi murna. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta kasa sanin kuɗin wunin maso a Tawa ba. Jami'o'in kansu na da sassan tattalin arziki da na ilimin zaman jama'a, Maraɗi na koyar da fasahar gine-gine. Ɗalibai nawa ne ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai? A tura su shantiyoyi sau ɗaya a shekara, su tambayi maso da kafinta da lebura da masu ba su aiki, sufeton aiki da sandika da wakilan 'yan kwangila su zauna su tabbatar da jadawalin. Amurkawa ma ba su da wani sihiri, tambaya suke yi su ƙirga, kuma sun sha canza yadda suke ƙirgawa.

To ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da an jira wata babbar doka ba, don duk wanda ke rubuta takardar sharuɗɗan kwangila na da ikon ƙara shafi guda. A sa jadawalin lada na kowace sana'a cikin takardun takara, kowane kamfani ya yi lissafinsa a kansa. A manna jadawalin a bakin shantiye kusa da allon nan, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci ko harshen wurin, a kuma karanta wa ma'aikata shi ranar farko, don da yawansu ba su yi lakwal ba. A buɗe littafi da sunan duk wanda ya shiga aiki, ko na wuni ɗaya ne. Kafin a sa hannu a biya kamfani kuɗin kowane zango, ya kawo takardar da ke nuna wa aka biya, nawa, yaushe. Yanzu da ake tura kuɗi ta waya, shaidar ba ta da wuyar samu. Babban kamfani ya ɗauki alhakin duk wanda ya ba aiki a ƙarƙashinsa, ko hawa nawa aka sauka. Ana riga ana riƙe wani kaso na kuɗin kwangila saboda ko bango zai tsage bayan an gama, to a bar ma'aikacin da ba a biya ba ya iya kai kukansa a biya shi daga irin wannan kaso. Kamfanin da aka kama sau biyu, hukumar ARCOP mai sa ido a kan kwangilolin gwamnati ta dakatar da shi. Yau ana neman takardar shaida ta haraji da ta CNSS kafin a shiga takara, amma takardar na magana ne a kan 'yan ma'aikatan biro da kamfani ya bayyana, ba ta san mutum ɗari da ke cikin rana ba.

Mi ya sa na ce a fara da jami'a, ba hanya ko likita ba? Don a jami'a akwai idanu. Shantiyen hanya na cikin daji, babu mai gani. Shantiyen jami'a kuwa dubban matasa masu karatu ne ke wucewa ta gefensa safe da yamma, kowa da waya a hannu, wasunsu dokar ƙwadago suke karantawa. In abin bai yiwu a nan ba, ban san inda zai yiwu ba. In kuma ya yiwu a shantiye ɗaya, an samu misalin da za a nuna wa magajin gari da gwamna.

A nan ne zan juyo kanmu. Ƙungiyar ɗalibai ta USN na da tarihin da ba mai musunsa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy a Yamai, kuma jinin nan na cikin abin da ya buɗe ƙofar babban taron ƙasa na 1991. A wancan zamani ɗalibai da ma'aikata tafiya ɗaya suke yi. Yau takardun buƙatunmu sun cika da bursu, da resto, da bas, da ɗakin kwana, duk kuma haƙƙi ne. Amma mu ne ke matsa lamba a gama amfi kafin a koma karatu, kuma idan aka matsa, wanda ke kwana a shantiye yana zuba siminti da fitila ba a ƙara masa ko dala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mu kuma da zama a inuwa. Ni kaina sai da abin ya taɓa kawuna na lura, ba na fin kowa a nan.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Wanda ke jami'ar da ake gini yanzu, gobe ya tsaya lokacin hutun rana ya gaida masu aikin, ya tambaye su nawa ake ba su, wa ke biyansu, yaushe aka biya su na ƙarshe, an rubuta sunansu ko ba a rubuta ba. Kar a ɗauki hoton fuskar kowa, kar a rubuta suna, don wanda aka gani ya yi magana shi za a fara kora. A kai abin da aka samu wurin wakilan ɗalibai da sandikar malamai, su da ke da kujera a majalisar gudanarwar jami'a, su nemi a sa shafin lada cikin kwangila ta gaba. 'Yan uwanmu masu karatun shari'a su rubuta shafin, ba ya wuce layi ashirin.

Kawu ya tsufa yanzu, gwiwa ba ta barinsa hawa bene, ƙananan gyare-gyare yake yi cikin unguwa. Ba shi da fansho, don cikin duk shekarun nan babu wanda ya taɓa zuba masa ko tamma a CNSS. Ranar da na karɓi takardar digirina na kai masa, ya juya ta gaba da baya, ya sa mini albarka, sannan ya tambaye ni ko bangon gabas na amfin nan ya tsage, don shi ya ɗora shi kuma ya san siminti bai ishe shi ba ranar. Na ce masa yana nan tsaye. Kuɗinsa na sati biyu kuwa har yau ba su fito ba.